Kumburin da Suka Kira Ƙiba

Rana ta take tsaka, simintin tsakar gidan ya ɗauki zafi har ba ya takuwa, amma Siririya tana nan durƙushe a gaban baho tun hantsi tana wanke kwalabe. Cikinta wata bakwai ne, ya tokare mata ƙirji. In ta sunkuya numfashinta ya sarƙe, in ta miƙe ƙasa ta juya da ita. Tsofaffin kwalaben lemo ne jibge a gefenta, kowace sai ta zura mata soso da tsinke ta cuɗe, ta ɗauraye, ta kife a rana. Ruwan ma ita ke ɗauko shi daga famfon bakin titi, jarka bayan jarka, tana tafe tana tsayawa, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Siririya, don ko lokacin da iyayenta ke raye ba ta taɓa yin jiki ba. To amma a 'yan makonnin nan fuskarta ta cika, yatsunta sun yi suntum har zobenta ya nutse cikin nama, takalmi ya daina shigarta. Duk wanda ya shigo gidan sai ya yi dariya ya ce lallai Siririya an samu wuri, an fara ajiye ƙiba. Ita kuwa sai ta yi murmushin yaƙe ta sunkuyar da kai, domin ita kaɗai ta san abin da ke jikinta ba ƙiba ba ne.

Gidan a hannun yayar mijinta yake. Kowa Yaya yake ce mata a gida, a waje kuwa Mai Kwalba ake kiranta, saboda sana'arta. A ɗakin da ke kusa da ƙofa take dafa saiwoyi da ɓawon itatuwa cikin wata ƙatuwar tukunya, ta tace, ta ɗura a kwalabe, ta sayar wa masu ciki. Cewa take duk wadda ta riƙe kwalbarta har wata tara za ta haihu kamar ta yi atishawa, ba ruwanta da layin asibiti, ba ruwanta da wuƙar likita. Ita ta raini ƙaninta tun yana shekara huɗu da uwarsu ta rasu, har yau Auta take ce masa, shi kuma bai taɓa tsallake maganarta ba. Direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya yi mako biyar, shida bai dawo ba. Da ya auro Siririya, marainiyar da kawunta ya gaji da riƙo, sai ya ajiye ta a wurin Yaya, a ganinsa ya sa ta a inuwa.

Bara Siririya ta yi ciki na fari. Ta sha kwalbar Yaya safe da yamma kamar yadda aka umarce ta, ba ta taɓa taka ƙofar asibiti ba, cikin ya zube a wata na biyar. Ba wanda ya rarrashe ta. Yaya ta ce ragwanta ce ta jawo, mace ta kwanta kamar tabarma dole ɗa ya gaji ya fita. Shi ya sa da wannan cikin ya samu, Siririya ta kasa barci da tsoro, har wata maƙwabciyarsu mai ɗinki ta lura da ita. Mai ɗinkin ce ta ce wa Yaya tana son a ara mata yarinyar ta raka ta sayen zare, ta ja ta suka tafi wurin awon ciki.

Malamar awon babbar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a, amma hannunta da laushi. Ta auna ta, ta duba idonta ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta duba, ta sake ɗaurawa. Sannan ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla kamar uwa da 'ya. Ta ce ta riƙa cin wake da ƙwai da kifi da ganye gwargwadon abin da ta samu, ta yawaita shan ruwa, ta kwana cikin gidan sauro. Ta ce tafiya kaɗan-kaɗan tana da kyau, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da doguwar tsayuwa, in ta gaji ta kwanta ta gefen hagu ta ɗora ƙafa a kan filo. Kada ta sha kowane irin magani da ba a wurin awo aka ba ta ba. Ta ba ta ƙwayoyi kala uku, ja ta ƙarin jini, 'yar rawaya mai taimakon halittar yaro, da fara wadda ta ce kada ta kuskura ta yi wasa da ita, don jininta yana neman hawa.

“Ki saurare ni da kyau, 'yata,” in ji malamar, ta riƙe mata hannu. “In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kika ga idonki yana walƙiya, ko fuska da hannu suka kumbura, ko jini ya ɓalle, ko yaro ya rage motsi, kada ki jira ranar awo, kada ki jira kowa. Ki zo ko da rarrafe ne.”

Siririya ta dawo gida da katinta da ƙwayoyinta a ƙulle cikin ɗankwali, ta cusa su cikin rigar filo. Wata biyu tana sha a ɓoye. Kwalbar Yaya kuwa in an miƙo mata sai ta karɓa da ladabi, ta shiga bayi ta tuttular. Jirin da take ji ya ragu, tafin hannunta ya fara ja, yaron cikinta ya riƙa harbi da ƙarfi har takan yi dariya ita kaɗai a ɗaki. Sau biyu mai ɗinki ta sake aro ta sayen zare. Ta fara sa rai...

Abin ya lalace ne ranar da wata mai ciki ta zo sayen kwalba, ta tarar da ita tana shara, ta tambaye ta a gaban mutane ko sau nawa take sha a rana, tunda ga ta ta yi kyau. Siririya ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shararta. Matar ta kalli Yaya, ta kalli kwalbar da ke hannunta, ta ajiye ta a hankali ta ce za ta dawo. Kafin kwana uku magana ta zaga unguwa cewa matar ƙanin Mai Kwalba ma ba ta shan abin, asibiti take zuwa. Masu saye suka fara ja da baya.

Yaya tana da 'ya ɗaya tilo, Shalele, wadda ke aure a bayan layinsu, ita ma da cikin wata shida, kullum a gidan uwarta take wuni. Ita Yaya ta sa ta bincike ɗakin. Ba a jima ba Shalele ta fito tana kaɗa leda, katin awo a ɗaya hannun. Yaya ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Ta san ko mene ne, don ba yau ta fara ganinsu a hannun mata ba. Amma da ta ɗago, sai ta ɗora hannu a ka ta rafka salati, ta ce yau asiri ya tonu, ashe abin da ya zubar da cikin bara ke nan, ashe ƙwayar zubar da ciki marainiyar nan take haɗiya a gidanta don ta hana ƙaninta ganin ƙwansa a duniya.

Nan take ta kira ƙanin nata Direba a waya, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, tana kuka tana faɗa masa. Siririya ta durƙusa a gaban wayar tana rantsuwa, tana cewa a kai ƙwayoyin asibiti a tambaya, amma kukan Yaya ya danne muryarta. Ana jin ƙarar motoci da ke wucewa ta inda Direba yake. Da ya yi magana, muryarsa ba irin wadda ta sani ba ce.

“Ashe haka kike? Ni ina kan hanya ina kwana a mota saboda ke da abin da ke cikinki. To ki ji, daga yau ba asibiti, ba fita, abin da Yaya ta ce shi za ki yi. In wani abu ya sami cikin nan, kada na dawo na same ki a gidan.”

Ya kashe wayar. Yaya ta share hawayenta tas kamar ba ita ba, ta kulle ƙwayoyin da katin a akwatinta, ta ce shaida ce, tana nan ajiye har Auta ya dawo. Wayar Siririya ma ta karɓe. Da mai ɗinki ta leƙo washegari, a bakin ƙofa aka tare ta aka ce ta nemi wata 'yar rakiyar.

Daga ranar rayuwa ta koma mata baƙa. Yaya ta ce aiki ne ke sa haihuwa ta zo da sauƙi, ta sallami matar da ke mata wankin kwalabe ta ɗora wa Siririya, haɗe da ɗiban ruwa da hura wutar tukunya, hayaƙi yana shiga mata ido da ƙirji. Ta ce yawan ci ke sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita, ta rage mata abinci, sai farar shinkafa da ɗan mai, Shalele kuwa tana gefe tana cin kifi tana tsotsar ƙaya. Kwalba kuma yanzu a gabanta ake sha. Yaya takan tsaya a kanta har sai ta ga maƙogwaronta ya motsa, abu baƙi mai ɗaci da gishiri-gishiri, wanda in ya sauka sai zuciyarta ta riƙa bugawa kamar za ta faso ƙirji. Ranar awonta ta zo ta wuce. Ta zauna bakin gado bayan sallar asuba tana shafa cikinta, hawaye na zuba, tana cewa ya Allah ka san ban nufi ɗan nan da sharri ba, ba ni da uwa ba ni da uba, ba ni da wanda zai tsaya mini sai kai, in ni ban cancanta ba ka dubi wannan da bai san komai ba...

Mako uku ke nan da ƙwace ƙwayoyin a ranar da take durƙushe gaban bahon nan. Tun safe kanta ke sarawa kamar ana buga guduma a ƙeyarta. Wajen azahar ta ɗago ta ga kwalaben sun zama bibbiyu, wasu ƙananan taurari suna yawo a gabanta, ga wani ciwo da ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Maganar malamar awo ta faɗo mata. Ta rarrafa har ƙofar ɗakin da Yaya ke tace magani, ta kama bakin zanenta.

“Yaya, don girman Allah ki bar ni na je asibiti. Ba na gani sosai. Ki haɗa ni da wanda kika yarda da shi, ko ke ki raka ni. In ƙarya nake ki yi mini duk abin da kika ga dama.”

Yaya ta fizge zanenta ta ce ƙwayar da ta saba haɗiya ce jikinta ke nema, ta tashi ta ƙarasa aikinta, akwai sauran jarka biyu. Har da ƙarin cewa mutum ya yi ƙiba kamar buhu a gidan mutane sannan ya ce ba shi da lafiya. Siririya ta miƙe da kyar. Ta ɗauki jarkar, ta yi taku uku, ta huɗun ba ta san inda ta sa ƙafa ba. Ta faɗi a kan kwalaben da ta kife, jikinta ya sanƙare sannan ya kama jijjiga, idanu suka kafe, kumfa da jini suna fita ta gefen bakinta inda ta ciji harshe.

Shalele ce ta ƙwalla ƙara. Yaya ta ce a rufe ƙofa kada a tara mata jama'a, ta ɗauko kwalba za ta ɗura mata a baki. Allah ya sa mai ɗinki ta ji ƙarar ta bayan katanga. Ta bar keken ɗinkinta ta fito ba ko mayafi, ta banke ƙofar, ta ture hannun Yaya kwalbar ta faɗi ta fashe. Ta juya Siririya ta kwantar da ita ta gefe, ta leƙa titi ta yi ta kururuwa har wani mai motar haya ya tsaya, suka kinkime ta za su kai asibiti. Yaya tana biye da su tana cewa ba da izininta ba, mai ɗinki ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana biyu Siririya ba ta san inda take ba. Likita ya ce jininta ya hau inda ba a so, dole a ciro yaron a ranar in ana son a tsira da ɗaya daga cikinsu. Aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, kanta bai fi lemon zaƙi ba, ba ta ko yi kuka ba sai wani ɗan nishi. Aka sa ta cikin akwatin gilashi na bakwaini, da siririn tiyo a hanci. Da Siririya ta farka ta shafa cikinta ta ji wayam, sai hawaye suka ɓalle mata. Mai ɗinki da ke zaune a gefen gadon ta sunkuya ta ce mata tana da rai, mace ce, tana numfashi.

A rana ta uku Direba ya iso, idanunsa jajur, rigarsa duk ƙurar hanya. Bai zo shi kaɗai ba. Yaya na gaba riƙe da ledar ƙwayoyin da katin, ta shigo ɗakin masu jego tana ɗaga murya, tana cewa ga abin da ta sha ta kusa kashe musu 'ya, yau sai likitoci sun gani da idonsu. Matan da ke kan gadaje suka ɗaɗɗago. Direba ya tsaya a ƙarshen gadon bai ko tambayi jikinta ba, ya ce ya zo ne ya ji daga bakin ma'aikata, daga nan kuma ta san inda za ta nufa. Siririya ta juyar da fuskarta bango. Ba ta da sauran ƙarfin rantsuwa.

Malamar awo tana ɗakin, ta zo duba ta kamar yadda take yi kullum tun da aka kawo ta. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar, ta zazzage a kan faranti, ta gyara tabaraunta. Ta ɗauki katin ta duba ranar da ta rubuta, ta ƙirga farar ƙwayar da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi Direba, ta tambaye shi ko shi ne mijin. Ya ce shi ne.

“Ni na ba ta waɗannan da hannuna, ga rubutuna a kati. Wannan ta ƙarin jini ce. Wannan don yaro ne. Wannan fara kuwa ita ce ke riƙe mata jini kada ya hau, kuma ga ta nan, ta mako uku cur ba a taɓa ba. Babu ƙwayar zubar da ciki a nan, malam. Waɗannan su ne suke tsare maka mata da 'ya. Wanda ya raba ta da su, shi ya kwantar da ita a gadon nan.”

Yaya ta fara cewa ai bakinsu ɗaya, duk ma'aikatan asibiti haka suke, malamar ta ce in ba ta yarda ba ga ɗakin magani can, ga likita can, ta ɗauka ta kai wa wanda ta ga dama. Direba ya ɗauki farantin da kansa ya fita. Ya daɗe. Da ya dawo, an tabbatar masa da maganar malamar, ya dafa ƙarfen gadon, ya zame ya durƙusa, ƙaton mutum, ya kifa kansa a gefen katifa yana kuka kamar yaro. Ya kira Siririya, ya sake kira. Ba ta juyo ba. Hawaye ne kawai ke gangara ta gefen idonta suna shiga kunne.

Ko a nan Yaya ba ta sauko ba. Ta fita tana cewa kuskure ne, kowa na iya yi, ita kare ƙaninta ta yi niyya. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila Direba ya karɓi wannan uzurin, don zuciyarsa na neman inda za ta laɓe. Amma kwana tara bayan haka, da hantsi, aka shigo da Shalele asibitin a kan gadon turawa, leɓɓanta fari fat. Kwana huɗu ke nan ba ta ji motsin ɗanta ba. Ta gaya wa uwarta tun ranar farko, uwar ta ce barci yake, ta ƙara mata kwalba, ta hana ta faɗa wa mijinta don kada a ce 'yar Mai Kwalba ma ta tafi asibiti. Da aka duba, yaron ya riga ya rasu a ciki. Namiji ne, cikakken halitta, har da gashi. Ita kanta sai da aka ƙara mata jini leda uku kafin ta dawo hayyacinta.

Gado biyu ne tsakaninta da Siririya. Da Yaya ta shigo tana kuka za ta rungume ta, Shalele ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta ce a kira mata Kawu. Direba ya zo ya tsaya. Muryarta a dushe take, amma ba wanda bai ji ba.

“Kawu, ba kuskure ba ne. Ranar da na ɗauko ledar na ce mata, Umma, ai wannan irin na awo ne, ƙawata ma shi take sha. Ta ce na rufe bakina, in aka bar Anti tana zuwa asibiti kasuwarmu ta mutu. Na yi shiru. Ina gani tana ɗaukar jarka ina cin kifi. Ga shi nawa ɗan ya tafi...” Ta juya wajen uwarta. “Na gaya miki ba ya motsi, Umma. Sau huɗu na gaya miki.”

Yaya ta juya. Ta dubi ƙanin da ta goya, ta ce Auta, ya kawar da kai. Ya ce mata ita ta raine shi tun yana ƙarami, ba zai taɓa ɗaga mata murya ba, amma daga yau matarsa da 'yarsa ba za su sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba. Ta fita tana dafa bango, ba wanda ya raka ta.

Asibitin ya kai rahoto. Cikin makon jami'an lafiya suka zo da mota suka kwashe tukunya da kwalabe, suka garƙame ɗakin, aka tafi da Yaya. Da labari ya bazu sai ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce nata cikin a wata shida ya zube, waccan ta ce ƙanwarta jini ne ya tafi da ita, duk masu riƙe da kwalba ne, duk an hana su awo. Alƙali ya ɗaure ta shekara biyu. Ranar da aka yanke hukuncin ta yi ta waige-waige a cikin kotun tana neman fuskar 'yarta, ba ta gan ta ba.

Siririya kuwa sai da ta yi mako shida tana zarya tsakanin gadonta da akwatin gilashi. Tana tatsar nono a ɗan kofi ana ɗura wa jaririyar ta tiyo, daga baya aka koya mata ta riƙa sa ta a ƙirji, fata da fata, ta lulluɓe da zane. Sau biyu numfashin yarinyar yana tsayawa ana dawo da shi. Idon Siririya na hagu bai koma daidai ba, likita ya ce wataƙila haka zai zauna, kuma duk cikin da za ta sake yi sai an sa mata ido tun daga farko. Direba ya ajiye doguwar tafiya ya koma jigilar cikin gari, ya kama musu ɗaki biyu kusa da asibitin. Kullum yana zaune a benci a waje, ba ya shiga sai an ce ya shiga. Ranar da yarinyar ta kama nono da bakinta karo na farko, Siririya ta aika aka kira shi. Ya tsaya yana kallo, ya ce ta yafe masa, ko da ba yau ba.

“Na yafe,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Amma ka sani, ba jarkar ce ta fi yi mini ciwo ba. Da ka ce mini, ke, mene ne wannan, ko sau ɗaya... da shi ke nan.”

Ya sa yatsa ya taɓa tafin ƙafar 'yarsa, ƙafar ta naɗe.

Yarinyar ta rayu. Ma'aikatan suka sa mata Ƙarfe, don sun ce ba su taɓa ganin ɗan abu mai taurin rai irinta ba, sunan kuma ya bi ta. Tana da shekara ɗaya da rabi, tana tafiya tana faɗuwa tana jan duk abin da ta samu a ƙasa, wata safiya aka yi sallama a ƙofar ɗakinsu. Siririya ta ɗaga labule ta ga Shalele tsaye, ta rame, tana murɗa bakin mayafinta. Tun asibiti ba su sake haɗuwa ba. Ta ƙi shiga, ta ƙi zama. Ta daɗe tana kallon Ƙarfe da ke leƙowa ta bayan zanen uwarta, sannan ta ce, murya can ƙasa, wata biyu ke nan ba ta ga al'adarta ba, ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Ta ce tun jiya take zagaya ƙofar wurin awo ta kasa shiga, gani take kowa zai nuna ta.

“Anti, na san ba ni da bakin roƙonki. Amma tsoro nake ji, kuma ba ni da kowa.”

Siririya ta dube ta da idonta mai kyau, ta ga yadda ta dafe mararta. Ta tambaye ta ko ta karya, ta ce a'a. Ta koma ciki ta dafa mata ƙwai biyu, ta zaunar da ita, ta tsaya a kanta har ta cinye. Sannan ta sunkuya ta goya Ƙarfe, ta ja ƙofa ta kulle.

“Tashi mu je,” ta ce. “In muka yi sauri za mu sami layin farko.”